Sai ka yi karatun sinima kafin ka ce fim bai yi ba?

Wani ƙanena daga Tahoua ya turo min tambaya, ya ce shi mayen kallo ne, dandalin soyayya, Indiya mai fassara, seri na Turkiyya, ba wanda yake bari, kuma in sun gama kallo a fada bakinshi cike yake da magana, amma da ya ɗauki waya zai rubuta bisa Facebook sai ya rasa abin cewa banda "fim ya yi" ko "fim bai yi ba". Ranar da ya daure ya rubuta cewa wani seri da ake yayi ya gundure shi sai anka yi mishi ca, wai shi wane ne, fim nawa ya taɓa yi. Shi ne yake tambaya ko sai wanda ya yi lakkwal ɗin sinima ke da bakin magana, in kuma ba haka ba ne ta ina zai kama.

To ƙanena, ni montaj ne sana'ata, na daɗe nan Yamai ina zaune gaban ordinatar ina yanka hotunan mutane ina jerawa, na tele da na masu ƙananan fina-finai, don haka daga wannan kujera zan ba ka amsa. A'a, ba sai ka yi karatu ba. Wanda ya ce maka fim nawa ka yi, ka tambaye shi don wa anka yi fim ɗin, don masu kamara 'yan'uwansu ko don kai da ka ƙone forfe ɗinka ka kalla. Sai dai akwai sharaɗi guda, in ka ce abu ya taɓa ka ko ya ɓata maka rai, to ka iya sa yatsa ka nuna wurin.

Abin ya taɓa faruwa ƙasar nan tun ba a haife mu ba. Farkon shekarun 1950 Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya yi rayuwarshi shina ɗaukar fim a Nijar har hatsarin mota ya yi ajalinshi kusa da Ƙonni a 2004, nan cikin jiharku, ya ɗauki Sarkawa masu farautar dorina bisa kogin Isa wajen Ayorou. Ya tafi Faransa ya haɗa fim ɗin, wurin da ake bin dorina ya aza kiɗa don abin ya ƙara armashi, wanda wallahi ko ni ne abin da hannuna zai fara yi ke nan. Sannan ya yi abin da ba a saba ba a lokacin, ya komo da fim ɗin ya nuna ma mutanen da ya ɗauka, mutanen da galibinsu ba su taɓa shiga sinima ba. Sunka kalla, sunka sake kallo, sannan sunka ce mishi wanga kiɗa ba wurinshi ba ne, ba a farautar dorina da kiɗa, in ta ji shi zuciya za ta ƙara yi ta gagari mutane. Rouch ya cire kiɗan.

Ka lura ba su tsaya ga "bai yi ba". Sun ce kiɗa, sun ce a wane wuri, sun ce don mi, kuma dalilin nasu daga ruwa sunka samo shi ba daga littafi ba. In ka ce ma mai tuwo miyarta ba daɗi ranta kawai ka ɓata, in ka ce gishiri ya yi yawa ka ba ta abin gyarawa gobe, ko kuma ta ce harshenka ne ku yi gardama, duk dai an samu abin riƙewa.

Yadda za ka gano wurin ba wuya, jikinka shina gaya maka tun kana kallo, kai ne ba ka saurarenshi. Inda ka bar fim ka leƙa WhatsApp, inda yatsanka ya tura gaba, inda ka mai da baya don ka sake jin wata magana, inda anka miƙo maka shayi ba ka ma ga hannun ba. Duk inda irin haka ta faru ka dubi minti ka rubuta, ko cikin waya ne, minti 12 na yi dariya, minti 31 na gaji, minti 47 na ji haushin uwar miji. Kuma ka rubuta kafin a fara hira, don a fada mai babbar murya shi ke yanke hukunci, da ya ce fim ɗin nan banza ne sai ka ga wanda ɗazu ya share hawaye a ɓoye shi ma shina gyaɗa kai. Mu da munka tashi zamanin bidiyo kulob, a biya dala biyar ko dala goma a zauna bisa banci, tun ba a kashe tele ba an gama raba gardama tsakanin aktar da shef bandi, ra'ayin taro ne, daɗi gare shi amma ba naka ba ne. Naka shi ne wanda ka ji kafin kowa ya buɗe baki.

Da ka samu mintin sai ka koma ka duba mi anka yi maka a wurin, don ba abin da ke faruwa da kai gaban fim da ba wani ne ya shirya shi ba. Bari in nuna maka irin wayon da muke yi. A ce mace ce zaune bakin gado, yaro ya yi sallama ya miƙa mata takarda, ta buɗe, saki ne. Abin da anka kawo min daga wurin ɗauka hoto uku ne, na nesa da ake ganin ɗakin duka, na takarda a hannunta, da na fuskarta kusa-kusa inda ta yi shiru wajen sakan goma kafin hawaye ya zubo. In na yanke daga takarda na kai ka kai tsaye inda hawaye ke zuba, na aza kiɗan tausayi, za ka gane an sake ta, ka ce Allah sarki, shi ke nan an wuce wurin. In kuwa na bar ka da fuskar nan tsawon shirun duka, ba kiɗa, sai kukan akuya can waje da ƙarar daka daga gidan maƙwabta, ita tana ninke takardar tana sake ninkewa har ta koma kamar laya, to kai za ka riga ta jin abu ya tokare maka maƙogwaro. 'Yar wasa guda, ɗauka guda, bambancin duka sakan goman nan ne da kiɗa. Kai kuma gobe sai ka rubuta "wance ta iya aktin" ko "wance ba ta iya ba", alhali rabin abin a ɗakin montaj anka yanke shi, ita ma sai ranar da fim ya fito za ta gani.

Wannan ba sabon sani ba ne. Wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada shi tun wajen 1920, ya ɗauki fuskar ɗan wasa wadda ba ta nuna komi, ya jera ta da kwanon miya, ya jera ta da gawa cikin akwati, ya jera ta da mace kishingiɗe, masu kallo sunka yi ta yabon yadda mutumin ya nuna yunwa da baƙin ciki da sha'awa, kuma hoto guda ne anka maimaita musu.

Gwajin da nake ba yaran da ke koyon aiki wurina kai ma za ka iya shi da wayarka. Koma wurin da ya taɓa ka, kashe sauti ka kalla. Sannan ka kife wayar ka saurara ba hoto. In ba sauti abin ya mutu murus, to kiɗa ne ya yi maka aiki. In da ka kife waya har yanzu kana jin abin, to maganar da anka rubuta ce da muryar mai faɗinta. In kuma fuskar kaɗai ta riƙe ka ba kiɗa ba magana, nan ne za ka yaba ɗan wasa da zuciya ɗaya. Kuma da wanga gwaji za ka gano ciwon da ya fi damun fina-finanmu, na Kano da na nan gida duka, wato sauti. Kamara yanzu kowa na da mai kyau, har da mai tashi sama, amma makirfo na nesa da baki, iska na bugunshi, gurup na ruri bayan gida, sai a zo a rufe ɓarnar da kiɗan piyano tun daga farko har ƙarshe, mutum na gaisuwa kiɗa, shina cin tuwo kiɗa, ranar da uwarshi ta rasu ma kiɗan nan dai, to ta ina zuciyarka za ta san yau ne ranar kuka. Mutane da yawa da ke cewa fim ya gajiyar da su kunnensu ne ya gaji ba su sani ba.

Zancen seri da ka ce ya gundure ka kuwa, ban san wane ne ba amma ina iya rantsuwa na san inda ka gaji. Mota ta taso daga titi, ta yi oda, maigadi ya rugo ya buɗe ƙofa, ta shiga, ta tsaya, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga, ya taka har cikin salon, a zauna, ina wuni ina gajiya ya iyali ya kasuwa, minti uku sun tafi ba a ce komi ba. Ko kuma jaruma ta yi tagumi sai hoto ya koma fari da baƙi a sake nuna maka abin da ka kalla makon jiya. Akwai dalili. Tun da kasuwar kaset da CD ta mutu masu fim sunka koma YouTube da tashoshin tele, abin ya zama na mako-mako, dole kowane mako a fitar da epizod ko labari ya kai ko bai kai ba. YouTube kuma tun 2020 bidiyon da ya kai minti 8 ana iya sa mishi talla a tsakiya, gwargwadon tsawonshi gwargwadon wuraren da za a cusa ta. Sai labarin da zai ƙare a epizod goma a ja shi ya kai arba'in. Ni kaina an sha tsayawa bisa kaina a ce kar in yanke shigowar mota, ana son a cika minti. Kuma kar ka zaci ba su sani ba, duk mai tasha shina da wani zane cikin YouTube Studio da ke nuna mishi daidai inda mutane ke tsallakewa da inda suke fita. Abin da zanen ba ya gaya mishi shi ne don mi, kuma nan ne rubutu irin naka ke da amfani, in ka ce daga minti 14 zuwa 19 ba abin da ya ƙaru cikin labarin ka faɗi abin da ba mai iya ce maka ƙarya ne, sai dai ya je ya duba.

Amma ka yi adalci, ba kowane jinkiri ne ciko ba. Shirun matar can mai takarda ai jinkiri ne. Ka tambayi kanka in an cire wurin nan mi za a rasa, in amsar ita ce ba komi to ciko ne, in kuwa a cikin gaisuwar nan mai tsawo ne ka gane cewa wa da ƙane ba su ga maciji, don ɗaya na amsawa ba ya ɗaga kai, to gaisuwar ta yi aiki, haƙurinka ne ya gaza.

Akwai kuma laifin da ba na fim ba ne. Wanda ka karɓo wurin mai turi bakin kasuwa, an matse shi ya koma 240p don guda talatin su shiga kart memuwar guda, ka kalle shi bisa waya mai fasasshen gilashi da rana tsaka, kar ka zo ka ce hoton ya yi duhu. Indiya mai fassara kuwa sai ka yi hattara sosai, don sau da yawa fim ɗin na kudancin Indiya ne, da Telugu ko Tamil anka yi shi, anka mai da shi Hindi, daga nan ya zo Hausa, mutum ɗaya ko biyu ke yin muryar kowa, su ƙara nasu barkwanci, su yi ma jarumi kirarin da babu shi a asali, a datse waƙa a datse wani wurin. Ni ba na raina aikin, gwaninta ce mai zaman kanta kuma ita ta kai fina-finan nan har gaban tsohuwar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta wani yare. Amma in ka yi dariya ka san wa ya ba ka dariyar, ka ce fassarar ta yi, wannan daban da fim ya yi.

Inda nake son ka fi kiyayewa shi ne raba mutum da abin da anka sa shi ya fito a ciki. Mu nan Nijar mun riga mun yi wannan zalunci sau ɗaya a gaban kowa. Zalika Souley, Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2021, tana cikin matan farko da sunka yi sana'ar fim a wannan yanki namu duka. A 1966 ta fito cikin fim ɗin kaboyi na Moustapha Alassane, ga wando ga doki, daga baya ta fito a kishiya mai mugun kishi cikin Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972, karon farko da anka fara ba da ita. Ƙasa ta samu suna, ita kuma ta samu zagi, don mutanen gari sun ɗauka yadda take cikin fim haka take a gida, har wata mai shirya fim, Rahmatou Keïta, ta yi fim guda bisa rayuwar Zalika da abin da ta gani. Yau ma ba a daina ba, waya ce kawai ta sauƙaƙa shi, yarinya ta fito a muguwar kishiya sai a bi ta shafinta ana tsine ma iyayenta. In ta sa ka ji kamar ka shaƙe ta ai aikinta ta yi da kyau, yabo ya kamata. In kuma halin da anka ba ta ne bai shiga hankali ba, mace ta kwana lafiya ta tashi da safe ta zuba ma ɗan kishiya guba ba a nuna maka abin da ya kai ta ba, to mai rubuta senaryo za ka nema, da mai ba da umarni da ya yarda anka ɗauka haka. Sunayensu na nan farkon fim ko ƙarshenshi, wurin da kowa ke tsallakewa. Banda haka ma ka san dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, kuma a watan Yunin 2024 an maido da ɗauri bisa zagi da ɓata suna ta intanet, "labarin bai tsaru ba" ra'ayi ne, "wance 'yar iska ce" magana ce da za ta iya kai ka gaban alƙali.

Sai zancen tarbiyya, da shi ne sandar da kowa ke ɗauka in ya rasa abin cewa. Ni a ganina nuna mugun abu daban, tallarshi daban. Ka duba mi fim ɗin ya yi da shi, ɓarawon nan an nuna maka wanda ya cuta da halin da ya bar shi, ko kuwa an yi minti arba'in ana haska motarshi da gidanshi da kiɗa mai daɗi sannan minti biyu na ƙarshe jandarma su kama shi don a ce an faɗakar. Haka kuma wa'azi ba ya mai da fim mara kyau ya zama mai kyau, in an zaunar da dattijo ya kalli kamara ya yi ta nasiha minti biyar, maganarshi gaskiya ce amma mai fim ya kasa nunawa ne shi ya sa ya faɗa da baki. Kana iya cewa saƙon ya yi, aikin bai yi ba, ba saɓo ka yi ba.

Kuma kar ka raina abin da ka sani don kana Tahoua. Kai ka san yadda Ba'adare ke magana, in an sa wani ya kwaikwayi mutumin Nijar ya yi ta karya harshe kamar bai taɓa jin Hausa ba, ko a ce duk Buzu maigadi ne mai rawani da butar shayi, kai ne za ka ce ba haka muke ba, kuma ka faɗi yadda ake cewa. Ka san gidan da maigida ya tafi bariki Abijan ko Libiya ya shekara biyu, ka san wa ke riƙe gidan, mi ake ci, yadda ake jiran kiran waya, in fim ya taɓo wannan ka fi mai digiri na Paris sanin inda ya yi gaskiya da inda ya yi ƙarya. Nemi fim ɗin Sani Magori ɗan Galmi na 2008 bisa noman albasa, inda auren yarinya ke jiran abin da gona za ta bayar, ka kalle shi da wanda ya taɓa dashen albasa ka ji irin abin da zai lura da shi wanda ni ba zan gani ba. Garinku ma ai ba baƙon fim ba ne, Moustapha Alassane ya zauna Tahoua shekaru masu yawa shina zanen fina-finanshi na katun kafin rasuwarshi a 2015, shi ne tun 2024 tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar nan Yamai ke ɗauke da sunanshi.

Wajen rubutawa kar ka wahal da kanka da ba da labarin fim daga farko, wanda ya kalla ya sani, wanda bai kalla ba ka ɓata mishi. Ɗauki wuri ɗaya ko biyu cikin waɗanda ka rubuta mintinsu ka tsaya kansu. Misali ka ce, epizod na wannan mako wurin da ya riƙe ni shi ne minti 22, da uban ya shigo ya tarar da ɗiyarshi na waya bai ce komi ba ya ɗauki buta ya fita, shirun nan ya fi min duk faɗan da anka yi bayanshi, amma daga minti 30 anka koma tuna baya har sau biyu na tura gaba. Layi huɗu ke nan, kuma duk wanda zai yi maka gardama dole ya koma minti 22, ba zai tsaya tambayar fim nawa ka yi ba. Ka rubuta da Hausar bakinka, ba sai ka ari ta Kano ba. In dole sai ka taɓo ƙarshen labari ka faɗa tun layin farko cewa wanda bai kalla ba ya dakata, don mutane da yawa sai dare suke saukewa ko su jira wani ya tura musu, kwana biyu uku ba su kai ba. In kuma bidiyo za ka yi kana magana, kar ka yanko minti biyar na fim ɗin mutane ka liƙa, YouTube na gane hoto da kiɗan da mai shi ya yi ma rajista, sai a toshe bidiyon ko kuɗin tallar ya tafi wurin mai fim, in anka kai ƙararka sau uku kuma tashar taka ce za a rufe. Hoto guda tsayayye na wurin da kake nufi ya isa, ka rubuta mintin a ƙasanshi.